Daga Tsibirin Zanzibar Zuwa Bakin Dam ɗin Mairuwa: Yawon Yini Guda Da Ya Gagare Mu

Duk mai riƙe da babbar waya a Funtuwa ko Malumfashi ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyo. Teku shuɗiya garai-garai, yashi fari fat, ga wani matashi a kan babur ɗin ruwa yana keta igiyar ruwa, kumfa na tashi a bayansa. Kafin ka ƙifta ido hoton ya sauya. Shi ne dai, amma yanzu da hular kwano a kansa, yana kan babur mai ƙafa huɗu yana ratsa gonakin kwakwa, ƙura ta turnuƙe. Da la'asar sai ka gan shi a bakin gaɓa gaban gasasshen kifi. Samari na tura wa juna, kowa na cewa Allah Ya kai mu.

Idan aka tsaya aka duba da kyau, abu biyu ake sayarwa a wannan yawo na yini guda: ruwa, da hanyar da babu kwalta. Kudancin Katsina kuwa bai rasa ko ɗaya ba. Akwai madatsun ruwa a Mairuwa da Gwaigwaye da Malumfashi, akwai hanyoyin burji da suka ratsa gonakin masara da auduga daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙafur zuwa Ɗandume, akwai duwatsu da kwazazzabai, akwai kuma samarin da suka iya babur tun ba su kai munzali ba. Abin da ya raba mu da tsibirin Zanzibar shi ne, a can an san wanda zai amsa tambaya idan rai ya salwanta, an kuma san za a fita a dawo. Wannan rahoto a kan wannan gibi yake.

Yadda ake tsara yinin a tsibiri

Zanzibar tana gabashin Afirka, a tekun Indiya, ɓangare ce ta ƙasar Tanzaniya, kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Da can da kanumfari aka san ta. Yanzu baƙi ne babbar hajarta, har da 'yan Najeriya da ke zuwa hutun aure ko na ƙarshen shekara. A arewacin babban tsibirin, wajen Nungwi da Kendwa, nan ake yawan hawa babur ɗin ruwa. Kusa da ɗan tsibirin Mnemba ake kai mutane su sa gilashin ido da bututun numfashi su kwanta a kan ruwa suna kallon kifaye. A Paje, kudu maso gabas, iska ce ke jan masu wasa da laima a kan teku.

Mai kallon bidiyo ba ya ganin aikin da ke bayan wannan duka. Mai jirgi ba ya fita sai ya duba lokacin cikar teku da janyewarta, domin a gabashin tsibirin ruwa kan ja baya da nisa ya bar jirgi a kan yashi. Kafin kowa ya taka jirgi ana ƙirga mutane, a ba kowa rigar kariya daidai jikinsa, a tambayi wanda bai iya ruwa ba. Akwai iyakar da aka sa wa babur ɗin ruwa da alamu masu yawo a kan teku, don kada ya afka wa masu iyo. Da an koma tudu, masu babura sukan jera ne a layi ɗaya, jagora a gaba, wani a baya, ba a yarda wani ya wuce wani ba, idan an shigo ƙauye kuma a rage gudu. Ba kowane kamfani ke cika waɗannan sharuɗɗa ba, kuma a can ma ana yin haɗari. Sai dai doka tana nan, kuma akwai wanda za a kama da ita. Tun watan Oktoba na 2024 ma hukumomin Zanzibar suka wajabta wa kowane baƙo sayen inshora ta dala 44 kafin ya shiga.

Ba sai an ƙetare ƙasa ba. A Legas akwai Tarkwa Bay da Ilashe, waɗanda sai da jirgin ruwa ake isa gare su, kuma a Ilashe ana haya babura masu ƙafa huɗu a kan yashi. Jihar Legas ta kafa hukumarta ta kula da hanyoyin ruwa, LASWA, tun 2008, kuma a tashoshinta ba a barin fasinja ya shiga jirgi babu rigar kariya.

Ruwan da ke tashi daga Funtuwa

Mutane da yawa a Funtuwa ba su damu da sanin cewa Gulbin Sakkwato daga yankinsu ya samo tushe ba. Ruwan saman da ke sauka a gonakin nan cikin watan Agusta shi ne ke gangarawa arewa maso yamma, ya wuce Gusau, ya taru a madatsar Bakalori kusa da Talatar Mafara, ya haɗu da Gulbin Rima a kusa da Sakkwato, ya juya kudu ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, sannan ya faɗa kogin Kwara. Wanda ya bi wannan ruwa zai tarar da wasannin ruwan da suka girmi duk wani babur ɗin teku.

A Argungu, a kogin Matan Fada, bikin kamun kifi ya samo asalinsa na zamani ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Kowa ya san ranar ƙarshe, inda dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da gora da koma suna neman giwan ruwa, ana ba su awa guda. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Amma ranar kabanci ta fi jan hankalin mai son wasan ruwa. A ranar ne ake tseren kwalekwale, ake gasar iyo da nutso, ake kamun kifi da hannu, ake sakin agwagwar ruwa a ce wa ya isa ya kamo ta. Hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kuma a shekarar 2020, da aka dawo da bikin bayan ya yi kusan shekara goma a kwance, an haɗa shi da gangamin motoci da ya taso daga Abuja ya ƙare a Argungu. Ga ruwa, ga tuƙi, a ƙasar Kabi.

Abin lura a Argungu shi ne Sarkin Ruwa. Babu mai shiga kogi sai ya ba da izini. Sauran watannin shekara an hana su a wannan yanki na kogin don kifi ya girma. Akwai masu kwalekwale da ke zagayawa suna lura da wanda ya gaji. Wato abin da kamfanin tsibiri ke yi da takarda da sa hannu, Kabawa sun daɗe suna yin sa da sarauta.

Idan aka ci gaba da bin ruwan har Yawuri, nan ake samun tsibirai na gaske a ƙasar da ake jin Hausa. Gungawa a tsakiyar Kwara suka zauna tun kaka da kakanni, suna noma albasa da gero a kan tsibirai, suna su. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye tsibirai da dama tare da tsohon garin Busa, aka tashi dubun-dubatar mutane aka sake musu matsuguni. Masarautar Yawuri tana gudanar da bikin Rigata, inda manyan jirage masu matuƙa da yawa ke tsere, ana kiɗa, ana nuna gwanintar ruwa. Ɗan Funtuwa da ke mafarkin tsibiri, wannan ne mafi kusa da shi, kuma ruwan gidansu ne ya riga shi isa can.

Bakin dam ranar yawon Sallah

A gida kuma fa? Madatsar Mairuwa tana kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kuma ita da ta Gwaigwaye don ruwan sha da noman rani aka yi su. Haka ta Malumfashi. Can arewa kaɗan akwai Zoɓe a ƙasar Dutsin-Ma, a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka gama ginawa a 1983, kuma ta fi su girma nesa ba kusa ba. Ta gabas, da an tsallaka iyakar Kano, ga madatsar Challawa a Ƙaraye. Babu ɗaya daga cikinsu da aka gina don shaƙatawa. Amma mutum ba ya ganin ruwa shimfiɗe a lokacin zafin bazara ya kau da kai.

Wanda ya taɓa zuwa bakin irin waɗannan madatsu kwana ɗaya ko biyu bayan Sallah ya san yadda abin yake. Tun hantsi babura ke sauka daga titi su bi hanyar gona, kowanne da mutum uku ko huɗu, sabbin shaddodi na kaɗawa. Ana jingine su a gindin mangwaro. Mai rake ya kafa baronsa, mai ƙanƙara na kaɗa ƙararrawa, wata yarinya da farantin awara tana bin inuwa. A bakin ruwa ga kwalekwalen masunci guda, na katako, an toshe wata ɓaraka a cikinsa da tsumma da kwalta, ga gwangwanin kwarfe ruwa a ƙasa. Jiya da shi aka jefa taru. Yau ya zama jirgin yawo. Yara na miƙa kuɗin barka da Sallah suna turereniya, mai jirgi na cewa a matsa, a matsa, akwai wuri. Ana turawa, bakin jirgin da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Da an yi nisa wani zai miƙe tsaye don a ɗauke shi hoto, jirgi ya karkata, 'yan mata su sa ihu, kowa ya fashe da dariya.

Ba na ganin laifin yaran, kuma ban ga laifin masuncin da ya samu kasuwar shekara ba. Sha'awar ruwa halal ce. Malamanmu ma sukan kawo cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, a duk wannan taro babu rigar kariya ko ɗaya, babu igiya, babu wanda aikinsa kawai shi ne ya zuba wa ruwa ido. Kuma mafi yawan waɗanda ke cikin jirgin 'yan cikin gari ne da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugu ba.

Mun riga mun ga ƙarshen irin wannan. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su wajen Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Mayu na 2022, cikin kwanakin ƙaramar Sallah, wani kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa a nan jihar Katsina, ya ci fiye da mutum goma, galibinsu yara. Kafin nan, a watan Mayu na 2021, jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya dare a Kwara kusa da Warra a jihar Kabi, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Dalilan kusan iri ɗaya ne a ko'ina: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, babu rigar kariya. Bayan waɗannan da suka shiga labarai, akwai waɗanda ba a ƙirgawa, yaro ɗaya a kududdufi, biyu a ramin da masu aikin titi suka haƙa suka bari. A ce ruwa ya ci shi, a yi jana'iza, a ce kwana ya ƙare. Kwana kam na Allah ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ba ruwanmu ne ya fi na kowa zurfi ba.

Cutar da ke cikin ruwan kwance

Akwai wani abu da teku ta fi dam da shi, kuma dole a faɗe shi. Ruwan gishiri ba ya ɗauke da tsargiya. Ruwan kwance na dam da kududdufi kuwa gidanta ne. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Shi kuma idan ya yi fitsari a ruwa sai ƙwan ya koma ga dodon koɗi, abu ya ci gaba da zagayawa.

Malumfashi tana da suna a wannan fanni a wajen likitocin duniya. A shekarun 1970 an gudanar da wani babban aikin bincike kan cututtukan da suka zauna a yankin, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila. Cikin abin da suka bi diddigi akwai tsargiya, har suka zauna a bakin madatsar Ruwan Sanyi suna lura da su wa ke shiga ruwa, da wane lokaci, da me suke yi. Abin da suka gani bai ba kowa mamaki ba a ƙauye: yara maza masu wasan ruwa su ne suka fi kamuwa, su ne kuma suka fi yaɗawa. A wasu wurare har an ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balaga. Ba alamar komai ba ce sai ciwo, kuma idan ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa, praziquantel, yana da sauƙin sha, ana ma raba shi kyauta a makarantu.

Saboda haka duk mai tunanin buɗe wurin wasa a bakin dam ya sani cewa tallata iyo a ruwan da ba a gwada ba zalunci ne. Kwalekwale mai kyau da ɗan dandamalin katako da za a taka a shiga ba tare da an tsoma ƙafa cikin ciyawa ba, wannan mai yiwuwa ne. Koyon iyo kuwa wurinsa tafkin siminti mai magani a cikin gari.

Babur ɗin ruwa ma ban ga wurinsa a Mairuwa ko Gwaigwaye ba. Ruwan sha ne na dubban gidaje, kuma inji na zubar da mai. Ƙararsa na korar kifi, igiyar ruwan da yake tayarwa na iya kifar da ƙaramin kwalekwale, ga tarun masunta a shimfiɗe. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na 2023 ma, 'yan mintoci a kansa sun fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta. Filafili ya ishe mu.

Babur, da abin da ya same shi

Rabin yinin na biyu, wato tuƙi a hanyar da ba kwalta, shi ne abin da baƙo ke biyan daloli ya yi na awa biyu, shi ne kuma abin da ɗan acaɓan Ɗanja ke yi kullum don neman tuwo. Ka tsaya a bakin wata mashigar rafi cikin damina ka ga yadda ake yi. Mai babur ɗin Boxer ya ɗauro buhun masara biyu, ɗaya a baya ɗaya a kan tanki. Yana isowa ya tsaya ya karanci ruwan, ya ga inda yake murɗawa, ya ga sawun wanda ya riga shi. Ya naɗe ƙafar wando, ya sa giya ɗaya, ya saki ƙafafu biyu suna shafar ruwa, ya shiga a karkace yana ba injin wuta daidai wa daida don kada ruwa ya shiga salansa. Tayar baya ta yi ta wulwulawa a taɓo, ya karkata jiki, ya fita a ɗaya gefen ko buhu bai jiƙe ba. Babu wanda ya tafa masa. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma a wata ƙasa da ita ake zama jagoran baƙi.

Ga kuma doki. Malumfashi mazaunin Galadiman Katsina ce, Funtuwa ta Sarkin Maska, kuma gidajen sarauta da na masu hali ba su rabu da dawaki ba. Kilisa da yamma a bayan gari, a bi ta gefen fadama a dawo, ita ce tsohuwar hanyarmu ta fita shan iska a inda mota ba ta zuwa. Duk tsarin da za a yi wa bakin dam da ya manta da doki ya manta da abin da tsibiri ba shi da shi.

Sai dai a wannan yanki babur ya ɗauki wani suna. Jerin babura a hanyar daji, abin da ke sa baƙo murna a Zanzibar, shi ne abin da ke sa ƙauye ya watse a Faskari ko Sabuwa. Da babura aka zo makarantar kimiyya ta Ƙanƙara daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashi ɗalibai fiye da 300. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana goyon mutum biyu a babur, ta hana sayar da mai a jarka, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni ba a jin kowa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa-ido na al'umma a Oktoban 2023. Duk da haka a watan Agusta na 2025 an afka wa masallata da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Manomin da ke tsoron zuwa gonarsa ta nesa ba za a yi masa maganar yawon buɗe ido a wannan hanya ba.

Wannan ba a kanmu aka fara ba. Gasar Dakar, wadda ta fi kowace gasar tuƙin jeji suna a duniya, ta fara ne a ƙarshen 1978 daga Faris, kuma shekaru da dama tana bi ta Agadas a Nijar, inda masu masauki da makanikai da jagororin hamada ke cin abinci da ita. A 2008 aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya. A 2009 ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Hamadar tana nan yadda take, baƙin ne suka tafi, kuma ba su dawo ba. Argungu ma sai da matsalar tsaro ta sa hannu wajen kwantar da bikinta na tsawon shekaru.

Abin da za a iya farawa da shi yanzu

Zai zama yaudara a ce gobe za a ga motocin baƙi daga Abuja a bakin Mairuwa. Amma baƙin da ya kamata a fara tunani ba su ba ne. Su ne 'yan makarantar Funtuwa, da iyalan ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwar hatsi, da angwaye da amare, waɗanda suke zuwa bakin ruwan tun yanzu ba tare da an gayyace su ba. Tunda suna zuwa, tambayar ita ce a wane hali za su same shi.

Matakin farko bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Ƙaramar hukuma ta zauna da Sarkin Ruwa da masunta da dagacin wurin, a rubuta a jikin kowane kwalekwale da fenti adadin mutanen da zai ɗauka, a sayi rigunan kariya manya da ƙanana a ajiye a hannun sarkin, a ce ba riga ba shiga, ba fita bayan faɗuwar rana. A ɗauki masunta biyu ko uku da suka fi kowa iya ruwa a biya su ranakun Sallah su zauna cikin jirgi babu fasinja, aikinsu tsaro kawai. A koya musu yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo, domin har yanzu akwai masu juya mutum a kife suna danna masa ciki alhali numfashi yake bukata. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da jami'an kashe gobara na jiha suna da masu wannan ilimi. A keɓe rana ko sa'o'i na mata da yara ƙanana, don iyaye su saki jiki. A ja igiya a nuna inda bututun shan ruwa yake, a hana kowa kusantarsa.

Ta ɓangaren tudu, a manta da daji tukuna. Fili guda a bayan gari, kusa da jami'an tsaro, a zagaye shi, a yi masa tudu da kwari da taɓo, ƙungiyar 'yan acaɓa ta riƙe rajista, kowa ya sa hular kwano. Samarin da ke ɗaga tayar gaba a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure, suna karya ƙafafunsu da na masu wucewa, su samu inda za su nuna bajinta a ba su kyauta. Gefe guda kuma a bar wa dawaki hanyarsu.

Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallakewa. Bakin dam gonar wani ce. Masu tumatir da albasa da rake na noman rani sun riga kowa zuwa, makiyaya na shayar da dabbobi a wurin, wasu iyalan ma gonakin kakanninsu ne ke ƙarƙashin ruwan. A kan wannan Gulbin Sakkwato, a Bakalori, an zubar da jinin manoma a 1980 saboda rikicin diyyar gonakin da madatsa ta cinye. Duk wanda zai zo da shinge da tikiti ya kori mai lambu don ya kafa rumfar shan lemo, gara ya bar wurin yadda ya same shi. Kuɗin shiga, in za a karɓa, kason masunta da manoman wurin ya fito a fili tun ranar farko.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da nutsewa a ruwa, kuma ranar tana faɗowa ne a tsakiyar daminarmu, lokacin da kowane kududdufi ya cika. Kira nake yi ga shugabannin ƙananan hukumomin Funtuwa da Faskari da Bakori da Malumfashi, da hakimansu, da limaman Juma'a: kada a jira wannan rana, kada kuma a jira sai an jera gawarwakin yara a ƙofar gidan dagaci. Kafin Sallah mai zuwa a kai rigunan kariya bakin kowane dam. Kai kuma uba, idan ɗanka ya ce zai je yawon dam, tambaye shi ko ya iya ruwa, kuma wa zai raka shi.